Ƙafar mai ciwon suga: tambayoyi da amsoshi kan kula da ita, takalmi da abin tallafe ƙafa

Tambayoyin nan daga bakin masu ciwon suga da masu jinyarsu na tsinto su, a ɗakin wankin ciwo inda nake aiki a nan Kaduna. Wasu a fili ake yi mini su, wasu kuma sai an ja ni gefe an rage murya. Amsoshin ba za su maye gurbin likitan da ya ga ƙafarka da idonsa ba, amma za su sa ka san abin da za ka tambaye shi.

Me ya haɗa suga da ƙafa? Ba a jini ciwon yake ba?

A jini yake, jinin kuma har tafin ƙafa yake zuwa. Idan suga ya daɗe yana sama, ɓarna uku yake yi. Yana lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa, don jijiyoyin can sun fi kowaɗanne tsawo. Yana tsuke hanyoyin jini, abinci da magani su kasa isa inda ake bukatarsu. Sannan yana raunana garkuwar jiki, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

Haɗa ukun nan ka gani: mutum ya taka ƙusa bai ji ba, wurin bai samu isasshen jinin warkewa ba, ƙwayoyin cuta suka shiga. Ƙiyasin masana shi ne, cikin masu ciwon suga 100, tsakanin 19 da 34 za su gamu da gyambon ƙafa a rayuwarsu.

Ƙafata ba ta yi mini ciwo ko kaɗan. Ba alamar lafiya ba ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar mini da hankali. Zafi shi ne mai gadin jiki. Ƙafar da ta daina jin zafi gida ce da maigadi ya yi barci, ƙofa kuma a buɗe. Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi da ya zo mana da rami a ƙarƙashin babban yatsa, yana rantsuwa bai taka komai ba. Da na juya takalminsa, sai ga kan 'yar ƙusar shumeka ta ɓullo ta ciki, ta yi tsatsa. Kwana nawa yana taka ta, shi kansa bai sani ba. Matarsa ce ta fara ganin jini a tabarmar sallarsa.

Alamun farko su ne jin kamar kiyashi na tafiya a ƙafa, ko kamar ana tsira allura, ko raɗaɗi da dare, ko jin kamar kana tafiya a kan auduga. Wani kuma silifas ne zai suɓuce masa ya yi gaba bai sani ba. A asibiti ana gwadawa da wani siririn zaren roba mai danna nauyin giram 10. A gida kuwa, ka rufe ido, wani ya taɓa kan babban yatsa, na tsakiya da ƙarami a kowace ƙafa, taɓi mai sauƙi na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Idan biyu cikin shidan sun wuce ba ka ji ba, ka ɗauka ji ya ragu, ka faɗa wa likita. Mai shan maganin sugan nan metformin shekara da shekaru ya nemi a duba masa bitamin B12, don ƙarancinsa ma yana ƙara sagewar ƙafa.

To idan ƙafa ta daina ji, me zan yi?

Ido ne zai karɓi aikin da zafi ya ajiye. Kullum, a lokaci ɗaya, misali bayan sallar isha'i ko kafin kwanciya, ka zauna inda akwai haske ka duba saman ƙafa, tafi, dunduniya, da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kana neman bororo, tsagewa, ja, kumburi, kanta mai baƙin ɗigo a ciki, ko danshi a safa. Ka shafa da bayan hannu ka ji ko wani wuri ya fi sauran ɗumi. In ba ka iya sunkuyawa, ajiye madubi a ƙasa, ko ka ɗauki hoton tafin da waya. In ido ya yi rauni, to wannan aikin ɗa ne ko jika ko mai ɗaki, kuma babu kunya a ciki.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: ɓera. Yana gwiguyar yatsun mai barci da ba ya ji, sai da safe a ga jini a zanin gado. A wanke ƙafa kafin kwanciya, a cusa gidan sauro da kyau ƙarƙashin katifa.

Ina alwala sau biyar a rana. Wannan bai isa tsafta ba?

Ya taimaka ƙwarai, saura tsanewa. Ruwan da ke maƙalewa tsakanin yatsu shi ke sa fata ta yi fari ta jiƙe ta tsage, musamman da damina. Ajiye ɗan tawul na ƙafa kaɗai, ka tsane tsakanin yatsu bayan kowace alwala.

Hunturu kuma nasa sharrin daban. Ruwan zafi a gwada shi da gwiwar hannu tukuna, kada a tsoma ƙafa a ji. Kada a miƙa ƙafa ga kaskon garwashi ko murhu don jin ɗumi. Duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu muna karɓar ƙunar da mai ita bai san lokacin da ta faru ba. Salansar babur ma haka take. Kaushi da faso kuwa maganinsu mai ne: basilin ko man kaɗanya, safe da dare, a tafi da dunduniya, ban da tsakanin yatsu. Jiƙa ƙafa cikin ruwan gishiri na tsawon lokaci a daina shi.

Masu yankan farce da ke yawo unguwa fa? Kuma kanta, zan iya yanke ta da reza?

Na san sana'arsu ce, amma mai ciwon suga kada ya miƙa musu ƙafa. Almakashi ɗaya ne ke bin ƙafafu da yawa, kuma gwanintarsu ita ce ƙwaƙule gefen farce, daidai abin da ba a so. A yanke farce a miƙe, kada a bi kwana, kada a yanke shi har ƙasa, a goge kaifin. Bayan wanka ya fi laushi. Farce mai kauri ko wanda ya shige nama a kawo shi asibiti.

Kanta ba ado ba ce kuma ba kariya ba ce. Alama ce cewa wurin yana ɗaukar nauyi fiye da ƙima, kuma sau da yawa gyambo a ƙarƙashinta yake fara tsiro. Reza, wuƙar wanzami, da filastar cire kanta ta kemis (akwai sinadari mai cin fata a cikinta) duk a bar su. Ma'aikacin lafiya ne zai kankare ta, sannan a gyara takalmin da ya jawo ta, kamar yadda amsa ta gaba ta nuna.

Wane irin takalmi ya dace?

Sau-ciki mai faɗin gaba, mai laushin ciki, mai igiya ko maɗauri, tafinsa da kaurin da ƙusa ba za ta huda ba. Tsawonsa ya ɗara ƙafa da santimita 1 zuwa 2. Silifas mai tsinke tsakanin yatsu, takalmin roba mai tauri, da mai tsinin baki irin na zuwa biki, su ne suka fi kawo mana marasa lafiya. Tafiya ba takalmi kuwa ko a tsakar gida babu ita.

Da yamma ake sayen takalmi, lokacin da ƙafa ta ɗan tasa. Kafin ka fita, taka kwali a tsaye, a zana maka ƙafarka, a yanke. Idan ka je Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi, zura kwalin a cikin takalmin. In ya lanƙwashe, takalmin ya yi maka kaɗan, ko da ƙafarka ta ce daidai ne, don shaidarta ba ta karɓuwa yanzu. Kambas na gwanjo mai kyau ya wadatar, muddin ka zura hannu ka tabbatar babu ɗinki mai kaifi. Sabon takalmi a fara da awa ɗaya ko biyu, a cire a duba. Kullum kafin sakawa a kakkaɓe, a laluba ciki. Safa ta auduga, mara matse ƙwauri, fara ta fi, don tana tona asirin jini.

Mace mai ciwon suga za ta iya ƙunshi?

Jan lalle na gargajiya a lafiyayyar fata ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce yana ɓoye canjin launi, ga ɗaure ƙafa cikin leda na awoyi, wasu har da kara ta a wuta don ya kama. Baƙin da ake haɗawa da sinadarin rini kuwa yana iya ƙona fata. Idan ƙafarki ta rage ji, ko kin taɓa yin gyambo, Hajiya ki bar ƙunshin a hannu.

Na ga ɗan ciwo ƙarami. In sa masa me?

Wanke da ruwa mai tsafta, rufe da bandeji mai tsafta, ka daina taka ƙafar, ka je asibiti cikin kwana ɗaya. A wurin mai ciwon suga babu ƙaramin ciwon ƙafa. Toka, baƙin mai, ruwan batir, man zafi, garin kafso, dakakken ganye, duk mun gan su a cikin miki, kuma sai mun sha wahalar wanke su kafin mu ga ainihin ciwon. Zuma abu ne mai albarka, amma ta kasuwa ba a tace ta don miki ba, kuma mutane kan dogara da ita har lokaci ya ƙure.

Wasu alamu kuma ba sa jiran wayewar gari: ja yana bazuwa, wari, mugunya, zazzaɓi, yatsa ya yi baƙi ko shuɗi, ƙafa ta yi sanyi ƙalau da zugi, ko suga ya ƙi sauka ba dalili. A tambayi allurar tetanus idan abu ne aka taka.

An ce jifa ne ko sammu na taka. Kuma an ce asibiti yanke ƙafa kawai suka sani.

Na gane inda zancen ya samo tushe. Ciwo ya ɓullo ba ka ga abin da ya jawo shi ba, ba ya zafi, ya ƙi warkewa. Dole zuciya ta yi saƙe-saƙe. Amma amsa ta biyu a sama ta bayyana dalilin. Yi addu'arka, nemi tsari, amma ƙafar ka kai ta inda za a duba.

Batun yankewa kuwa, ga gaskiya mai ɗaci. Wani bincike da aka yi a manyan asibitoci shida na ƙasar nan tsakanin 2016 da 2017 ya bi mutum 336 da aka kwantar da gyambon ƙafa na suga: kimanin kashi 35 cikin 100 an yanke musu wani sashe, kimanin kashi 20 sun rasu. Mafi yawansu sun iso ne ciwon ya riga ya yi nisa. Abin da nake gani kullum ke nan: ana tsoron yankewa sai a ƙi zuwa, a yi wata biyu ana shafe-shafe, ranar da wari ya hana kowa shiga ɗakin sai a kawo shi, lokacin babu sauran zaɓi. Sai labari ya koma unguwa cewa asibiti sun yanke, na gaba ma ya ƙi zuwa. Wanda ya zo a makon farko, yawanci kankare mataccen nama, magani, daidaita suga da ɗauke nauyi ne aikinsa. Kuma ba a yi wa mutum tiyata sai da yardarsa.

Ba karaya na yi ba, me ya sa likita ya ce a sa mini siminti?

Domin gyambon tafin ƙafa ba ya warkewa ana taka shi. Kowane taku yana murƙushe sabon naman da ya tsiro jiya. Ko da wane irin tsadar magani ake wanke shi, in nauyin jiki yana sauka a kansa, aikin baban giwa ake yi. Simintin da ake yi wa gyambo daban yake da na karaya: ana bin siffar ƙafa da shi sosai, daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa, sai nauyi ya bazu a duk tafin da ƙwauri maimakon ya taru a bakin ciwon. Akan buɗe shi duk mako ɗaya ko biyu a duba a sake.

Dabarar a wurin masu cutar kuturta ta yi suna. Wani likitan Ingila, Paul Brand, da ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa ba cutar ce ke cinye yatsu kai tsaye ba, raunin da ba a ji ne ake ta maimaitawa. Daga baya aka ga ƙafar mai suga ma haka take. A gyambon da babu mummunan ƙwayar cuta kuma jini na gudu, wannan ita ce hanyar da ta fi saurin warkarwa, sau da yawa cikin makonni 6 zuwa 12. Ba a sa shi idan ciwon ya ruɓe sosai ko jini ba ya isa ƙafar. Idan ya jiƙe, ya tsage, ya yi wari, ko zazzaɓi ya zo, a koma ran nan.

Akwai wanda ake cirewa? Ina jin sunaye iri-iri.

Akwai. Abin tallafe ƙafa na farko shi ne dogon takalmin roba mai tauri da ke kaiwa ƙasan gwiwa, mai maɗaurai. Yana ɗauke nauyi kusan kamar siminti, amma lagonsa ɗaya: ana iya cire shi. Da aka bi masu amfani da shi a wani bincike a Amurka, an tarar takun da suke yi da shi bai kai kashi ɗaya cikin uku na tafiyarsu ta yini ba. "Bayi kawai zan shiga", "ƙofar gida kawai zan leƙa", a nan warkewa ke lalacewa. Shi ya sa wasu likitoci ke naɗe shi da bandejin siminti don kada a cire. In babu halin wannan, akwai guntun takalmi mai ɗauke nauyi daga gaban ƙafa, ko soso na musamman da ake yankewa a zagaye ciwon, a haɗa da sandar guragu.

Na biyu shi ne na ƙafar da ta saki, wadda yatsu ke jan ƙasa ana yawan tuntuɓe. Roba ce mai siffar kwana, tana bin sha-raɓa ta shige ƙarƙashin tafi, a sa ta cikin takalmi. Aikinta kamar takalmin ƙarfen da muka sani na masu shan inna ne, sai dai ba nauyi. Na uku shimfiɗar cikin takalmi ce da ake aunawa da ƙafar mutum, don hana gyambo dawowa.

Ko wanne ne, a auna shi a jikinka, kada ka ari na wani. Sa safa a ƙarƙashi. Duk lokacin da ka cire, duba fata. Jan da bai baje ba bayan minti 20 zuwa 30 yana nufin a koma a gyara. Kuma a ƙara wa takalmin ɗaya ƙafar tudu su daidaita, in ba haka ba ƙugu da baya za su ɗauka.

Ƙafata ta kumbura, ta yi ja da ɗumi, babu ciwo a fata. Targaɗe ne? In je wurin mai ɗori?

A'a, don Allah. A ƙafar da ta daina ji, wannan yana iya zama abin da likitoci ke kira ƙafar Charcot, sunan wani likitan Faransa na ƙarni na 19. Ƙasusuwan tsakiyar ƙafa ne ke laushi suna karyewa a hankali, mutum yana ta tafiya a kai. Hoton farko yana iya fitowa lafiya lau, don haka ka ambaci sunan da bakinka a gaban likita. In aka bari, tafin yakan rushe ya turo ƙasa kamar gindin ƙwarya, gyambo ya fito a wurin. Maganinsa daina takawa nan take da siminti na watanni, daga baya a ƙera takalmi na musamman. Ja da murza da ɗaurin kara mai tsauri a irin wannan ƙafa yana iya tsayar da jini, mai ita kuma ba zai ji zafin da zai sa ya ce a kwance ba.

Safar matse ƙafa da robar idon sawu da ake sayarwa a kemis fa?

Kada a saya sai an auna gudun jini. Idan hanyoyin jini sun tsuke, matsi zai ƙarasa toshe su. Alamar tsukewar ita ce ciwon sha-raɓa idan an yi tafiya, ya lafa in an tsaya, ko zugin yatsu da dare da ke sauƙi in an sauko da ƙafa daga gado. Ana auna ƙarfin jini a idon sawu, a raba shi da na hannu. Sakamako ƙasa da 0.9 yana nuna matsala. Kumburin ƙafa biyu kuma yana iya zama daga ƙoda ko zuciya. Mai shan taba, wannan ce amsar da ta fi shafarsa.

Yaya alwala da salla ga mai bandeji ko siminti?

Shafa a kan ɗauri da salla a zaune sanannun sauƙi ne a littattafan fiƙihunmu. Malaminka zai yi maka bayanin yadda ake yi. Ta ɓangarenmu, kada ruwa ya shiga ciki, kuma zaman tahiya da tanƙwara yatsu a sujada suna danna gaban ƙafa, don haka mai gyambo a wurin ya yi a kujera har ya warke. Azumi kuwa, mai ɗanyen gyambo ya zauna da likita tun cikin Sha'aban. Mai niyyar Hajji ko Umara ya tafi da takalmin da ya riga ya saba da shi, ya riƙe shi a jaka cikin Harami. Alhazai da yawa sun ƙone tafin ƙafa a kan titi mai zafi bayan takalmi ya ɓace.

Ciwon ya rufe. Shi ke nan na rabu da shi?

Alhamdu lillahi, amma sabuwar fatar ba ta kai ta da ƙarfi ba. Kusan mutum 40 cikin 100 gyambon yakan dawo musu cikin shekara guda. Komawa tsohon takalmi ita ce hanyar dawowarsa mafi kusa. A ƙara tafiya kaɗan-kaɗan, a ci gaba da dubawar kullum, a riƙa kai ƙafar asibiti duk wata ɗaya zuwa uku. Wanda bai taɓa samun matsala ba, sau ɗaya a shekara. Wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya, ɗayar yanzu aikin biyu take yi, ita ce abar lallaɓawa, kuma dungun ma a duba shi duk lokacin da aka cire ƙafar roba.

Ina zan nufa a Kaduna, kuma me zan riƙe?

Fara da asibitin da ke kusa da kai, kamar Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri, ko babban asibitin Kawo. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Asibitin Sojoji na 44, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Don ƙera abin tallafe ƙafa ko ƙafar roba, tambayi sashen ƙashi ko na gashin ƙashi. Akan kuma tura mutane Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ido ma a kai shi Asibitin Ido na Ƙasa da ke hanyar Mando, tunda shi ne yanzu mai gadin ƙafar. Mai rajistar inshorar lafiya ta jihar Kaduna (KADCHMA) ko ta tarayya (NHIA) ya tambaya tun farko abin da inshorarsa ta ɗauka.

Riƙe duk magungunanka a ledarsu, har na gargajiya, da littafin awon suga, da takalmin da ka fi sakawa kullum, ba na Juma'a ba. Da ka shiga ofishin likita, cire takalmi da safa tun bai ce ba. Layi yana da tsawo, kuma ƙafar da ke rufe ba kasafai ake tunawa da ita ba.